Na Kulle Tsarin, Injiniya

Samaru, Zariya

Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan gajiyar hanya ta sake ki, kuma ɗakin da kika kama a Legas yana shan iska. Allah ya tsare ki a fitarki da komowarki, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki, ya kau da idon mugu daga kanki. Innarki ba ta ce in gaishe ki ba, kin dai san hali. Amma ita ta daka yajin da ke cikin ƙullin nan, ita ta naɗe shi a leda kan leda, kuma ta ce ba za a ɗaure ƙullin ba sai na gama takardar nan an sa a ciki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ƙannenki sun ishe ki da wannan a waya. Maganar da kika bar ni da ita a tasha ce ta sa na ɗauki biro. 'Ya'yan mutane idan mota za ta tashi cewa suke yi a sa su a addu'a. Ke kuwa kika leƙo ta taga kika ce, "Baba, don Allah ka kulle sikimar nan." Na ce to. Tun kaka nake ce miki to. Tsohuwar da ke zaune kusa da ke ta dube ni da tausayi, ina jin ta ɗauka wata akuya ce muke bari tana yi wa maƙwabta ɓarna.

Da muka dawo gida innarki ta tambaye ni, wai mece ce wannan aba da ake ta cewa a kulle. Na ce mata, kin ga sabar binciken, wato kwamfutar nan mai ajiye bayanai, da muka haɗa wa ƙungiyar masu sayar da iri da maganin feshi, wadda mai shago zai buga sunan magani a waya ta fito masa da bayaninsa? To, kafin a zuba mata bayani sai an yanka mata gurabe, kamar teburin mai kayan miya. Nan gurbin suna, nan na amfanin gonar da ake fesa wa, nan na ma'auni, kuma an faɗi wanne ne ke ɗaukar rubutu, wanne ne ke ɗaukar lamba. Wannan yankan guraben shi ne sikima, ni dai tsari nake ce masa. Lokacin da ake gini ana barinsa a buɗe, a ƙara nan a rage can. Idan an gama an miƙa wa jama'a sai a kulle, kaya su ci gaba da shiga amma kada kowa ya sake taɓa guraben. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "To me ya hana ka?" Na tashi na tafi alwala.

Amsar tana zuwa, amma ki bar ni in bi ta hanyata. Na yi shekaru a ɗakin kwamfuta na laburaren da na yi wa aiki, kuma abin da kike roƙona in yi, na san shi tun kina firamare. Da wahala na koye shi, kuma ban taɓa zaunar da ke na gaya miki yadda aka yi ba.

Lokacin da aka kawo mana sabar bincike a laburare, ni aka damƙa wa ita. Ina ji da kaina a lokacin, har tafiyata ta canja. Na tarar tana da wani hali mai daɗi: idan ka bar ta, ba sai ka yanka mata gurbi ba, da ta ga sabon bayani sai ta canka da kanta. Ta ga lamba ta ce wannan gurbin lamba ne, ta ga rubutu ta ce na rubutu ne. Wajen gwaji wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kundayen digirin da na fara zubawa duk shekararsu lamba ce zalla, sai ta yanke cewa gurbin shekara na lamba ne, an gama. Bincike ya tafi sumul, aka yaba mini, aka kwashe tsofaffin akwatunan kati aka kai sito. Ban kashe cankar ba, ban buɗe na ga abin da ta yanke ba, balle a yi maganar kullewa.

Ashe akwai tsofaffin kundaye da yawa da aka rubuta musu shekara biyu da sanda a tsakani, yadda ake rubuta zangon karatu. Da aka zo zuba su, sabar ta ce wannan ba lamba ba ce, ta ƙi karɓa. Ta faɗa kuwa, ba ta ɓoye ba, sai dai a cikin rahoton da take ajiyewa ta faɗa, wanda ba na karantawa sai wani abu ya tsaya cak.

Wata rana wata mata ta zo daga Basawa, matar soja ce, sunanta Rifkatu, da goyo a bayanta. Ta ce mahaifinta ya rasu, shi ne na farko da ya yi karatu mai zurfi a ƙauyensu, kuma ya rubuta kundi a kan dawa. So take ta gan shi da idonta, ta ɗauki hoton shafin farko ta kai wa tsohuwarsu. Na buga sunan, bai fito ba. Na juya shi, bai fito ba. Na buga dawa, na wasu suka fito ban da nasa. Sai na jingina da kujera na ce, "Madam, ba mu da shi."

Ta ce, "Malam, ina ƙarama na gan shi yana rubutawa. Nan ya kawo."

Na ce, "Da yana nan da kwamfuta ta nuna."

Ta gyara goyonta, ta yi godiya, ta fita. Bayan watanni ina neman wani abu dabam na gano abin da ya faru. Kundin mahaifinta yana kan kanta a bene na sama, mai baƙin bango, ƙura ce kawai a kansa. Tafiyar da ba ta kai ta zuwa masallaci ba ce ta raba ta da shi, kuma ni na hana, don na ƙi tashi daga kujera. Na hau mashin na je Basawa na yi ta tambaya a bakin bariki, aka ce an yi wa mijinta canjin wurin aiki, ba wanda ya san ina. Har yau idan na wuce ta ƙofar laburaren na ga mace da goyo sai na sake dubawa, alhali na san ɗan da ta goya ya isa shiga sakandare.

Saboda haka, ranar da za ki miƙa aiki, ki fara da kashe cankar nan. Ki buɗe tsarin ki bi shi gurbi-gurbi, ki ga abin da na'ura ta yanke a bayan idonki, ki gyara da hannunki. Bayanin da ba a yi masa gurbi ba, ki sa ta ƙi shi a fili, yadda wanda ya zuba zai gani nan take. Ki riƙa gwada yawan abin da aka tura da yawan abin da ya shiga, ko da kin tabbata daidai ne. Kuma duk wanda ya zo gabanki neman abu, kada ki ce masa babu. Ki ce ban gani ba tukuna, ki karɓi lambarsa, ki tashi ki duba.

Labari na biyu ya fi kama da mu. Shugabanmu a lokacin, wanda muke kira Dakta, dattijo ne mai kirki. Shi ya ɗauke ni aiki, sahu ɗaya muke salla, kuma ranar sunanki shi ya fara isowa da goro. Wata Alhamis ya shigo ɗakina da kansa, abin da ba ya yi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Isa, ɗan taɓa mini wurin sunayen marubutan nan, su riƙa jeruwa bi da bi bisa haruffa. Gobe muna da baƙi."

Na san amsar da ta dace. Gurbin sunan an yi shi ne yana tsinka suna kalma-kalma, don wanda ya tuna rabin suna ma ya samu. Jerawa kuwa tana son sunan a dunƙule. Abin yi shi ne a ƙara gurbi na biyu a sabar gwaji, a sake zuba komai daga farko, a duba, sannan a kawo. Aikin kwanaki ne. Amma mutumin da ya kawo goron sunan 'yarka yana tsaye da hannunsa a kafaɗarka, da wane baki za ka ce masa sai wani mako? Tsarin a buɗe yake, ba abin da ya tsaya tsakanina da shi. Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Na canja gurbin a kan sabar da ɗalibai ke amfani da ita, yana kallo, har yana sa mini albarka.

Sabar ba ta yi gardama ba. Sai dai abin da ke cikinta an riga an jera shi a tsohon tsari, tambaya kuma tana zuwa a sabo. Kafin a tafi Juma'a ɗalibai sun cika ƙofata, ga shi lokacin rubuta kundi ne. Wannan ya ce jiya ya ga littafi yau ya ɓace, wancan ya ce sunan malaminsa ma ba ya fitowa. Baƙin suka zo suka buga suna, allo ya fito fari fat. Dakta bai ce mini komai ba, da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na mayar da gurbin yadda yake, amma abin da aka zuba a tsakani ya riga ya cakuɗe da na da. Dole na share na sake zubawa daga tushe, injinmu na lokacin kuma tafiyar hawainiya yake yi, ga wuta tana ɗaukewa. Asabar da Lahadi a can na yi su.

Lahadin nan ce ranar saukarki a islamiyya. Kin san ban zo ba, ban sani ba ko an taɓa gaya miki dalili. Da ma ko na zo can baya zan tsaya, uban 'yar fari ba ya shiga gaba ana yabon 'yarsa. Amma da na ji muryarki ta lasifika. Baffanki ya ce kin karanta ba ki yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, na ce masa to madalla, na shige ɗaki. Abin nan yana ci mini rai har yanzu, fiye da shirun Dakta.

Daga ranar na fara kulle tsari, kuma na ga wani amfani da ban zata ba. Idan babba ya zo da "ɗan taɓa mini", sai in ce, "Ranka ya daɗe, a kulle yake, sai mun bi ta gwaji." Ba wanda ya taɓa jin haushi, don ba ni na ƙi ba. Mu an raine mu da kunyar manya, ke ma haka, na ga yadda kike sunkuyar da kai idan dattijo yana magana ko da shirme yake faɗa. Ban ce ki bari ba. Amma ki sani, ranar da za a matsa miki bakinki ba zai iya cewa a'a ba, don haka ki kulle tun ranar da ba kowa a kanki. A Legas ba da dafa kafaɗa za su zo ba, tsayawa za su yi a kanki suna duba agogo suna cewa ai ƙaramin abu ne. Ki ajiye tsarin a fayil, a ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane canji, da sunan wanda ya yi da dalilinsa. Canji ya fara a sabar gwaji, a sake zuba bayanai, wani ya duba miki, sannan ya wuce. Kuma kada ki yi shi a ƙarshen mako, in kina da inda kike son zuwa ranar Lahadi.

Sai kuma na zarce, na zama mai kullewa tun ba a gama ba. Wannan ke shaida ce. Da Alhaji Mudi, shugaban ƙungiyar masu irin, ya zo ya roƙe ni aikin nan bayan na yi ritaya, ke kuma kin gama bautar ƙasa kina zaune, a zama ɗaya na zana guraben na ce shi ke nan, a kulle. Kika ce, kina kallon ƙasa, "Baba, da mun je kasuwa tukuna." Na ce me kasuwa za ta koya mini, ni da na jera littattafan farfesoshi. Muka je dai.

Kin tuna shagon Madam Ngozi a Sabon Gari, can bayan PZ? Na nuna mata sunan wani maganin ciyawa yadda yake a jikin kwali, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, who dey call am like that? Wa ke kiransa haka? Manomi zai zo ya ce ba ni mai jan murfi. Wani ya ce mai hoton zakara. Na Giwa da na Soba ma ba suna ɗaya suke faɗa ba." Muna tsaye wani dattijo ya sauko daga mashin ya ce a ba shi irin na bara, ta miƙa masa ba ta ko tambaya ba. Tsarina ba shi da wurin ko ɗaya daga cikin sunayen nan. Da na kulle a ranar da na so, da mun haɗa sabar da ba ta jin bakin masu ita. Ke kika ƙara gurbin sunayen kasuwa, mai ɗaukar suna fiye da ɗaya, kuma yau shi ne gurbin da ya fi kowanne aiki. Ban yaba miki a lokacin ba, cewa na yi ba laifi. To, ya fi ba laifi.

Ki riƙe wannan ma. Kada tsoron canji ya toshe miki kunne. Lokacin gini ki bar tsarin a buɗe, ki je inda masu amfani da abin suke, ki zauna a bencinsu ki ji yadda suke kiran kayansu. Sai kin ga an daɗe ba wanda ya kawo abin da ba shi da gurbi, sannan ki kulle. Ki kuma yi musu bayani. Madam Ngozi da ta ji maganar kullewa ta ɗauka ba za ta ƙara sa sabon kaya ba, har ta fara faɗa, sai da kika nuna mata cewa kaya za su yi ta shiga, teburin ne ba za a sake sassaƙawa ba. Kada kuma ki ɗauka kullen nan ya isa tsaro. Wanda ya kai ga fayil ɗin zai iya buɗewa, don haka kalmar sirri, da sanin wanda ke riƙe da ita, suna nan a wuyanki.

Yanzu ga amsar tambayar innarki.

Kin san gidan da na fito. A wurinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a zama hira da shi. Ana yaye ki kakarki ta ɗauke ki, sai da za ki shiga makaranta aka dawo mana da ke Samaru. Ƙannenki sun hau wuyana, sun ja gemuna. Ke kuwa tsakanina da ke gaisuwar safe ce, sai ki miƙo sakamakon jarrabawa in duba in ce to. Da kika zaɓi karatun kwamfuta na yi kwanaki ina murna a ciki, a waje na ce Allah ya taimaka. Injiniyar ma da na laƙaba miki, hanyar kauce wa sunan gaskiya ce, ƙannenki suka ɗauka tsokana ce.

Sai aikin nan ya zo. Asabar ɗin farko da muka shiga bas daga Samaru, muka bi ta Palladan, kina gefena da kwamfuta a cinya kina yi mini gardama a kan gurbin ma'auni, sai na ga ashe akwai hanya. Ba wanda zai ce Malam Isa yana hira da 'yar farinsa, aiki muke yi. A cikin aikin nan na san ba kya son madara a shayi. Na san kina taɓa kunnenki idan kin gano kuskurena kina jin nauyin faɗa. Na ji dariyarki sosai, ba wadda ake ƙunshewa a mayafi ba, ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar mai gasa masara a Kwangila, hulata ta faɗa kwata. Abin da uba ke sani a kan 'yarsa tun tana rarrafe, ni sai da furfura na san shi, kuma a kan maganin ciyawa.

Tun kaka aikin ya ƙare, ni da ke duk mun sani. Amma in aka kulle, me za mu je yi Sabon Gari ranar Asabar? Shi ya sa kowane mako nake zuwa da sabon gurbi. Yau gurbin launin buhu, gobe gurbin ko shagon yana bakin titi. Ki ce, "Baba, wa zai nemi wannan?" in ce ke dai ƙara mu gwada. Sai mu ƙara, mu je mu gwada, mu cire a mako mai zuwa. Ina jin kin gane, don ba ki taɓa kullewa da kanki ba alhali kalmar sirrin tana hannunki. Innarki ba ta san mece ce sikima ba, amma ni ta san ni. Ranar launin buhu tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Malam, yarinyar nan fa tafiya za ta yi, ko da buhu ko babu."

Shekaranjiya da hantsi Alhaji Mudi ya zo. Ruwan farko ya kusa, manoma sun fara shigowa sayen iri da magani, masu shaguna duk sun jingina da sabar. Bayan mun gaisa ya gyara zama ya ce, "Malam Isa, ɗan abu kaɗan ne. Wurin ma'aunin nan, masu shago na cewa ba ya karɓan rubutu, sai lamba. A buɗe shi mana, kowa ya sa yadda ya saba, murfi biyu, rabin gwangwani, ka gane. Yanzun nan ma in ka taɓa, kafin in shiga kasuwa."

Kin san abin da wannan zai jawo. Murfin wannan ba murfin wancan ba ne, kuma da lambar nan wayar mai shago ke lissafa wa manomi abin da zai zuba a tankin feshi. In ya yi yawa shuka ta ƙone, in ya yi kaɗan ciyawa ta cinye gona. Na san wannan sarai. Amma Alhaji ya girme ni, a kan tabarmata yake, ya sha ruwan gidana. Ina dubawa sai ga hannuna ya riga ya buɗe shafin tsarin, kamar ranar Dakta.

Sai wani tunani ya gifta mini: in ta lalace, ai dole in kira Injiniya. Za ta ɗauka, mu daɗe muna gyarawa, wataƙila ma ta ce za ta zo. Na ji daɗin tunanin nan, Allah ya sani na ji. Daɗin da na ji shi ya tsorata ni, na janye hannuna. Gonakin mutane, da abincin shekararsu, da sabon aikinki da ba ki ko gama sanin hanyar ofis ba, duk zan jefa a caca don in ji muryarki.

Na ce, "Alhaji, matso ka gani." Na ɗauki kwafin tsarin na sa a ma'ajiya, na rubuta dalili yadda muka saba. Na buɗe fayil ɗin saiti, na je layin da kika sa wa alama tun kaka, wanda ke cewa ana iya canja tsari, na mayar da shi ba a iyawa. Na tabbatar cankar a kashe take. Na sake tayar da sabar. Sannan na gwada yin abin da ya roƙa a gabansa, ta fito da jan rubutu ta ƙi.

Ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ta ce a kulle take, ranka ya daɗe. Abin da masu shago ke so gurbi dabam za a yi masa, na ƙarin bayani, a gefen lambar. Zan haɗa a sabar gwaji, in ya yi kyau bayan shuka sai a kawo."

Ya ce, "Kai, injin nan ya fi ka taurin kai." Ya yi dariya, ya sa takalmi ya tafi kasuwa, ko a jikinsa. Gurbin da na yi masa alkawari ni kaɗai zan yi, na iya, kada ki sa shi a ranki.

Na zauna da jan rubutun nan a gabana har aka kira azahar. Na buga mai jan murfi, ya fito. Na buga mai hoton zakara, ya fito. Komai yana aiki yadda ya kamata, ba abin da ya rage da zan tambaye ki. Ban taɓa ganin aiki ya yi kyau haka ya bar ni da baƙin ciki ba. Innarki ta leƙo ta ga fuskata, ta ga allon, ta ce, "Ka kulle?" Na ce na kulle. Ta ajiye mini kunu ta fita, na ji ta daɗe a tsakar gida ba ta taɓa komai ba.

Yau Asabar. Da safe na yi wanka na sa kaya, har na ɗauki hula, sannan na tuna. Na zauna a zaure da hular a hannu ina jin bas-bas suna kiran Sabon Gari a bakin titi. Kewarki nake yi, Injiniya. Ban san yadda ake faɗa da ladabi ba, shi ya sa na faɗa haka.

Abu na ƙarshe ke nan da zan gargaɗe ki a kai, tunda ni ma da ƙyar na tsira. Kada ki riƙe aiki a buɗe don a riƙa nemanki. A kowane ofis akwai masu yin haka, su bar wani lungu ba a gama ba, su kaɗai suka san kansa, don kada a manta da su. Na zauna da irinsu, na yi musu dariya, ban san nawa na tafe ba. Ki gama aikinki, ki rubuta yadda ake yinsa, ki kulle, ki miƙa wa masu shi. Wanda kike son zama da shi kuma, ki je ki zauna da shi, kada ki tsaya jiran wani abu ya lalace.

To ga shi na kulle. Ba sauran dalilin da zai sa ki kira ni ranar Asabar. Ni kuma ban iya kiran 'yar fari haka kawai ba, ba a koya mini ba, na ɗauki wayar yau na ajiye ban san sau nawa ba. Ke ce za ki yi. Ki kira ba tare da dalili ba. In kin ji na yi shiru, ko na fara tambayarki ko ana samun wuta a unguwarku, kada ki ajiye. Hirar ke nan, iyakar abin da na iya ke nan.

Ki kula da sallarki, ki ci abinci a kan lokaci, kada ki tsallaka titin can kina duba waya. Allah ya kiyaye ki dare da rana, a ofis da a hanya, ya rufa miki asiri, ya sa albarka a abin da hannunki zai taɓa, ya dawo mana da ke lafiya muna da rai.

Allah ya yi miki albarka, Nusaiba.

Na rubuta sunan, kuma ban goge ba. Kada ki gaya wa innarki.

Mahaifinki,
Isa